Umarni Guda Ɗaya

Tahira tana tsaye a bakin rumfar manoman Jiratawa, waya a hannu, tana kallon lambobi suna hawa. Masu noman tumatir da tattasai sun cika fili, kowa na son a rubuta sunansa a rabon taki kafin azahar. Bara a irin wannan rana manhajar rubuta sunayen ta faɗi tun a mutum na tamanin, aka sha zagi har da na iyaye. Bana kuwa da cunkoso ya yi yawa sai kwantenar manhaja ɗaya ta zama uku, uku suka zama takwas, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Aikinta ne na wata bakwai.

Da misalin kwantena ta shawo kan Nasser, mai kamfanin, wanda ya tashi a gidan 'yan kasuwa yana ganin ana sauke kaya daga Kwatano. Ta ce masa manhaja ma ana ɗure ta da duk abin da take buƙata a rufe, duk na'urar da aka sauke ta a kai sai ta yi aiki yadda take. Nan take ya gane. Kwantiraginta zai ƙare ƙarshen wata, kuma da wannan aiki take sa ran a sabunta shi, don ita ke riƙe da gidansu a Tsibiri tun da mahaifinta ya kwanta ciwo.

Ta hau kabu-kabu ta koma ofis a unguwar Zariya, bakinta ya ƙi rufuwa. Malam Gado, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, yana kurɓar shayi.

"Ta faɗi?" ya tambaya.

"Ko tari ba ta yi ba, Malam."

"Madalla. Ke dai kin cika bayani, ɗiyata. Komi sai kin baje shi a fili."

Ba ta kula shi ba. Shekara tara Gado yana riƙe da ɓangaren saƙonnin waya, bai taɓa rubuta layi ɗaya na bayani ba. In abin ya lalace, ko wurin suna yake sai an je an ɗauko shi a mota, shi kuma ya taho yana taku ɗaiɗai kamar ango. Tahira ta raina wannan hali. A da, duk sabon ma'aikaci sai ya kwana uku a gefenta kafin kwamfutarsa ta shirya. Sai ta haɗa komai cikin umarni guda ɗaya, ta kuma rubuta takardar bayani da Faransanci mai sauƙi, har da abin da za a yi idan wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki.

Bayan la'asar Nasser ya kira ta. Akwai wani mutum zaune a kujerar baƙi, mai agogo babba.

"Tahira, Jiratawa sun bugo, sun yaba ƙwarai. Ga Shamsu, ƙanen maiɗakina, ya gama karatu a Yamai. Jiya na ba shi takardarki ya duba."

"Aiki ne mai tsabta, madam," in ji Shamsu. "Ban ga inda mutum zai ɓata ba."

Daɗi ya kama ta, har ta sunkuyar da kai. Nasser ya gyara zama, ya ce tunda abin ya koma tafiya da kansa, ba ya buƙatar mutum guda a kansa. Shamsu zai riƙa leƙawa yana haɗawa da wasu ayyuka. Ita kuma za a ba ta takardar shaida mai kyau, wadda za ta nuna a ko'ina.

Ta ɗago kai ta dubi Nasser. "Patron, Malam Gado fa?"

"Gado? In Gado ya tafi wa za ya taɓa wurinshi? Ni kaina tsoron wurin nike."

Ta so ta faɗi maganar mahaifinta, ta ga ba shi aka tambaye ta ba.

Kwamfutar da take aiki da ita ta kamfani ce, don haka aka ce ta miƙa ta tun yau, Shamsu ya fara sabawa. Ta kwashe hotunanta, ta goge sauran. Shamsu ya ja kujerarta ya zauna, ya buga umarnin da yatsa biyu. Tana tsaye a bayansa tana kallon layuka suna gudu, tana fatan ko sau ɗaya abin ya tsaya, ko rezon intanet ya yanke, ko jan rubutun kuskure ya bayyana a allo, Shamsu ya juyo ya nemi taimako. Ba abin da ya tsaya. Cikin minti goma sha ɗaya komai ya tashi. Gado yana can yana wanke kofinsa, bai ko waiwayo ba.

Ta rataya jakarta. Shamsu ya juyo cikin ladabi, da alama har zuciyarsa yake tambaya.

"Madam, kafin ki tafi, akwai wani abin da ba ya cikin takarda wanda ya kamata in sani?"

Tahira ta tsaya ta yi bincike a ranta da gaske, lungu-lungu, ko akwai abu ɗaya tak da ta rage wa kanta.

"Babu," ta ce.