Shanu a Filin Jirgin Ilyasu

Kowa a Dungas yanzu cewa yake shi ya fara ganin jirgin Ilyasu. Ƙarya suke. Tsoho Wada ya riga su, don a zaurensa aka haɗa shi, tun yana tarin ƙarafa da injin moto, ana raɗa cewa ɗansa Ilyasu ya taɓu. Wada bai yi boko ba, amma yunwar da ta kwashe sa'o'insa ta bar shi a tsaye, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Jirgi dai ba ya tashi sai da yardar hukuma. Aka turo wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, daga Yamai, mai suna Mas'udu, ya yini yana ƙwanƙwasa fukafukai, yana leƙa injin, ya sa aka rubuta lamba a jela. Sannan ya ce saura abu ɗaya kafin ya ba da takarda: Ilyasu ya tashi a gabansa, shi kaɗai, nesa da gidaje, ya sauko lafiya.

"In bai sauko lafiya ba fa?" in ji Wada.

"Baba, shi ya sa na ce shi kaɗai."

Wada ya ba da gonarsa. An gama girbi, suka tumɓuke tushiyar gero, suka share doguwar hanya a tsakiya. Isansi, wato fetur, kaɗan aka zuba, don kada jirgin ya yi nauyi.

Da hantsi ya yi gudu, ya yi tsalle, ya rabu da ƙasa. Jama'a suka yi kabbara. Wada bai iya ba, idonsa na kan jirgin.

Sai ya ji ƙasa na girgiza ta bayansa. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙahoni suke kwararowa daga arewa. Ashe ranar ce perfe, shugaban gundumar, ya sakar wa makiyaya gonaki, an faɗa a radiyo, su kuwa hankalinsu na kan jirgi. Kafin a yi wani abu shanun sun bazu a gonar, har kan hanyar da aka share.

Wada ya san mai garken. "Illo! Kwashe dabbobinka, ɗana na sama!"

"Yau ranarmu ce, tsoho. Ɗanka na ina?"

Illo ya ɗaga kai, sai sanda ta faɗi daga hannunsa.

Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, bai ga wuri ba, ya sake ɗagawa. Rurinsa ya haukata shanun, suka riƙa zagaye a wuri ɗaya. Mutane na jifa, mushe na kaɗa rigarsa, abin ƙara rikicewa yake. Can sama injin ya yi tari. Ya sake yi. Wada ya duba hagu da dama.

Idonsa ya faɗa kan wani maraƙi sabon haihuwa. Ya cafke kunnensa, ya ja shi ya nufi kwarin gabas. Maraƙin ya tsala kuka. Uwar ta juyo, sauran suka biyo ta, Illo ya gane ya shiga kiransu can wajen. Wada na jin kofatai a bayansa, na jin hucinta a ƙeyarsa, bai waiwaya ba kuma bai saki ba.

Ƙahon uwar ya same shi a ƙasan haƙarƙari. Ya tashi sama, ya dawo.

Yana kwance, baki cike da rairayi, shanu na wucewa ta kansa, ya kasa kunne. Babu injin. Shiru. Ciwon ma bai ji ba, shirun nan ne ya kusa kashe shi. Ya nemi addu'a, sai sunan ɗansa kawai yake zuwa bakinsa.

Wata inuwa ta gifta, iska na fito a fukafukai. Tayoyi suka daki ƙasa, suka yi tsalle, suka sake daka, suka gangara.

"Baba! Ina Baba?"

Muryar Ilyasu ce. Nan Wada ya yarda ya suma.

Mushe ya sa hannu a takarda, Wada kuma ya sha jinya a likitar Magariya har sanyi ya wuce. Mai musu ya zo Dungas. Wada zai ɗaga masa riga ya zura yatsa a ramin da ƙahon ya bari. In har yanzu bai gamsu ba, garken Illo na nan: ya je ya ja maraƙi a gaban uwarsa, a gani.