Giram Goma a Cokalin Shayi

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana haɗa magani a asibiti, kuma da ya yi ritaya ɗan sikelinsa kawai ya taho da shi gida. Mama takan kira shi Sarkin Awo. Ko gishiri ta ɗiba da hannu sai ya yi tsaki, ya ce ido da cokali ba ma'auni ba ne. Ita kuma ta ce ai da idon ta zaɓe shi, ba ta ji ya yi ƙorafi ba.

Da ciwon hanji ya kama Mama, likita ta ce a riƙa zuba mata giram goma na niƙaƙƙen filaks a madarar safe. Wata ƙwaya ce mai kama da riɗi, sai dai ta fi shi duhu da santsi. Baba ya ce wannan aikinsa ne, kada wanda ya sa masa hannu.

Ni ina aure a wani gari, sai bayan wata biyu na samu zuwa. Da safe na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa. Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa sikelin, yana ta zuba gari. Allurar sikelin ta wuce giram talatin. Ya gyaɗa kai, ya juye a kofi.

Na sami Mama a ɗaki na faɗa mata. Ashe ta sani. Ta ce an yi sati uku madarar na zuwa da kauri, cikinta na kumbura, don haka takan kurɓi kaɗan, in ya fita ta zubar da sauran. Idonsa ne ke tafiya, shi kuma ya ƙi faɗa. Ta roƙe ni in bar maganar, wai wannan awon ne kaɗai aikin da ya rage masa.

Ban iya bari ba. Washegari na riga shi shiga kicin. Na ciko cokalin shayi da garin, na shafe samansa da bayan wuƙa, na auna: giram biyu da rabi. Na maimaita sau uku, bai canza ba. Da ya shigo na gaya masa abin da allura ta nuna jiya, na ce cokali huɗu shafaffu su ne giram goma.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ja kujera ya zauna. Can ya miƙo hannu na ba shi cokalin. Ya ɗiba, ya laluba wuƙar ya shafe, yana ƙirgawa a hankali har huɗu.

Yana juya madarar ya rage murya ya ce, "Auta, gaya mini gaskiya. Uwarki ta rame?"

A nan na gane ya daɗe rabonsa da ganin fuskarta sosai. Na ce ta ɗan rame. Ya ce dama ya ji a wuyan hannunta.

A satin na kai shi wajen likitan ido. Aka ce jijiyar ta riga ta lalace, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare sauran. A mota ya ce kada in gaya wa Mama. Da muka isa gida ita ma ba ta tambaya ba, ta dai matsa masa wuri a bakin gado.

Wata bakwai ta ƙara a duniya, kuma bai taɓa fashin kai mata madarar ba. Yanzu yana zaune a wajena. Ya yarda mijina ya riƙa yi masa aski, amma har yau ba ya bari in riƙe masa hannu sai za mu tsallaka titi.