Rijiya ta Goma Sha Huɗu

Shekara talatin Tani tana dama kunun zaƙi da ruwan rijiyar gidanta tana kaiwa kasuwar Kibiya, ba wanda ya taɓa cewa cikinsa ya murɗa. Sai ga masu bincike daga jami'a da 'yan kwalabensu, suka bi rijiyoyin unguwa suna ɗibar ruwa. Da sakamako ya fito, wani ma'aikacinsu ya tsaya a ƙofar mai unguwa yana fassarawa, ya ce an sami ƙwayar cuta mai gadon ƙin jin magani a rijiyar Tani.

Kalmar gado kaɗai mutane suka tsinta suka tafi da ita. Kafin kasuwa ta zagayo an gama yanke hukunci: cuta ce a jinin gidansu. Kunu ya riƙa komawa gida yana tsami a roba.

A lokacin shari'ar Musulunci na tashe, sai Tani ta je wurin alƙali. Ya tambaye ta wa take ƙara. Ta ce bakin mutane. Ya ce ta kawo mai bakin.

Ta hau mota sai Rano, inda aka ce mata shugaban masu kwalaben, Dakta Mukhtar, yana ɗibar wani ruwan.

"Kai ne ka ce na gaji cuta?"

"Iya, ba ke ake nufi ba, ƙwayoyin ne. Mun jera rubutun halittar ƙwayoyin rijiyarki da na ƙwayoyin kwatar unguwa, muka ga layi guda iri ɗaya, alhali ba dangi ba ne. Ba wurin uwa suka samo ba. Miƙa wa juna suke yi, kamar maƙwabciya ta ɗebi wuta ta kan katanga."

"Aro ke nan."

"Kusan haka."

"Wa ya ara wa wa?"

"Wannan ba mu tabbatar ba tukuna."

"Ɗan nan, a garinku aro da gado ɗaya ne? Da baki aka ɓata ni a ƙofar mai unguwa. Taso mu je ka gyara da baki."

Ya duba agogo. Ya ce yau zai koma Kano, amma ga takarda, komai yana ciki. Har ya nuna mata wurin da yatsa, wai babu ma sunanta, rijiya ta goma sha huɗu aka sa.

Ranar kasuwa Tani ta shimfiɗa takardar kusa da robar kunu, ta danne ta da dutse. Duk Turanci ne. Fulera, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen kununta, ta tsaya ta leƙa.

"Allah sarki, Tani. Har a rubuce aka ba ki."

Ta wuce wurin mai koko.