Abin da Ya Fashe a Murhun Riskuwa

Munzali yana shagon Okwudili, a bakin babbar kasuwar Birnin Kebbi, lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Tun da hantsi ya sauke shinkafarsa wurin dillali, motar da ta kawo shi ta juya Argungu, shi kuma ya biyo nan kamar yadda ya saba.

Injin casar shinkafa gare shi a Argungu, kuma tun yana saurayi yake shan taba, har tari ya zauna masa a ƙirji. Okwudili, mutumin Anambra mai sayar da caja da kayan waya, wanda ya daɗe a Kabi har Hausarsa ta koma ta 'yan gari, shi ya fara nuna masa sigarin lantarki, wanda samari ke ce wa shishar aljihu. Ɗan abu ne kamar alƙalami mai kauri, ja ko kore ko shuɗi. Ana zuƙa, in ya ƙare a yar a sayi wani, shi ya sa Munzali ya sa masa suna sha-ka-yar. Da shi ya rabu da taba. Rigunansa suka daina wari, matarsa Riskuwa ta daina kawar da kai in ya matso.

A ranar Okwudili ya fito masa da wani sabo, baƙi, mai ɗan nauyi.

"Wannan ba a yar da shi, Malam Munzali. Caji ake yi mishi awa waya."

"Bar ni da wanda na sani," in ji Munzali. "Wayar ma da ƙyar nike tuna cajinta."

Sai ga kiran. Inno ce, mahaifiyarsa, wadda ba ta kiran kowa sai dai a kira ta.

"Munzali, kana ina? Taho gida yanzu. Wani abu ya hwashe ma Riskuwa ga huska."

"Mi? Inno, wane abu? Tana ina?"

Wayar ta yanke. Ya sake kira, ba ta shiga. Ya kira lambar Riskuwa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Okwudili ya dubi fuskarsa. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta tsare shago, ya ɗauki mabuɗin tsohuwar motarsa.

"Mu tahi. In ka tsaya jiran motar tasha, sai ka haukace kafin ta cika."

Suka wuce Gwadangaji, suka wuce Ambursa. Fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta tuttuɗa, amma Munzali ba ya ganin komai. Lissafi yake yi a zuci: me ke cikin gidansa da zai fashe? Ba su da tukunyar gas. Ba ya ajiye fetur a gida. Riskuwa gumi take yi, wato ta jiƙa shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ta turara ta a rabin duro, ta shanya, sannan a kai inji. Makamashinta ɓuntun shinkafa ne da ɗan itace, kuma ɓuntu ba ya fashewa. Da ya rasa amsa sai hankalinsa ya koma kan idanunta. Riskuwa na iya hango tsakuwa ɗaya cikin faifan shinkafa daga tsaye. Ya riƙa ganin ta zaune a ƙofar ɗaki tana laluben buta, ya runtse ido, ya buɗe, hoton bai tafi ba.

"Yi ta addu'a," in ji Okwudili, yana kauce wa rami. "Ni ma ina yi irin tawa."

Da suka isa, ƙofar gidan cike take da maza. Okwudili ya tsaya a zaure, Munzali ya kutsa ciki yana ture mutane ba tare da ya san yana yi ba. Tsakar gida duk mata ne. Duron gumi na kan murhu, wuta a mace, toka ta watsu har gindin bango.

Riskuwa na zaune kan tabarma a inuwar darbejiya. An naɗe mata hannun dama da bandeji daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Ashe har an kai ta asibiti an dawo. Girarta ta dama ta ƙone tas, kumatunta ya yi ja, idanun ma sun yi ja don wankin da aka yi musu. Amma a buɗe suke, kuma shi suke kallo.

Ya durƙusa gabanta.

"Kina ganina?" ya ce.

"Ina ganinka sarai, Malam. Hularka a karkace take."

Bai san lokacin da ya zauna daɓas a ƙasa ba. Dariya ta zo masa haɗe da hawaye, ya sa hannun riga yana shafewa a gaban matan unguwa, bai damu ba. Riskuwa ta ce ta sunkuya ne za ta ƙara ɓuntu, Allah ya sa ta waiwaya don akuya ta sa baki a shanya. A daidai nan abin ya yi ƙara kamar bindiga, wuta ta yi tsalle ta kama mata hannu da gefen kallabi. Likita ya ce ƙunar ba ta yi zurfi ba, idon kuma toka ce kawai ta shiga.

Sai da hankalinsa ya dawo ya lura da ƙus-ƙus ɗin da ake yi. Sunan Tamba ke yawo a bakin mata. Tamba maƙwabciyarsu ce, ita ma gumi take yi, kuma kwanan baya sun yi cacar baki da Riskuwa kan filin shanya. Da safiyar nan ta shigo ɗibar garwashi, ta tsuguna a bakin wannan murhun.

Inno ta ja shi gefe.

"Jihwa ne, Munzali. Wuta ba ta hwashewa haka banza. Wani abu anka sa ciki."

Daga waje ana jin muryar Labbo, mijin Tamba, yana rantsuwa cewa in aka sake ambaton matarsa sai an je gaban hakimi. An ce ita Tamba ta kulle kanta a ɗaki tana kuka.

Munzali ya ɗauki sanda ya je bakin murhu yana tona toka. Sandar ta taɓa wani abu mai ƙarfi. Ya jawo shi: ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, ya yi baƙi, cikinsa ya tsage ya buɗe, da 'yar waya a maƙale. Matan suka ja da baya suna salati. Ya ɗora shi kan murfin kwano ya kai zaure, don a ganinsa abin ya fi kama da kayan shagon Okwudili fiye da kayan boka.

Okwudili ya juya shi da tsinke, ya dubi Munzali.

"Ba ni naka na aljihu," ya ce.

Ya ɗauko filaya daga mota ya fasa robar sha-ka-yar ɗin a gaban kowa. A ciki ga ɗan ƙarfe mai sheƙi, tsawonsu ɗaya da ƙonannen, da irin wayar nan a jiki.

"Batir ne. Kowane ɗaya da shi a ciki, irin na waya. Ko ruwan ya ƙare, shi bai mutu ba. In ya ji wuta, hwashewa yake yi." Ya ɗago kai. "In ka gama sha, ina kake yarwa?"

Nan take Munzali ya gane. Bayan injinsa akwai tsibin ɓuntu da ya fi mutum tsawo. Yana zaune a bakin taga yake cilla su can, ɓuntun da inji ke fesowa ya rufe. Daga wannan tsibin Riskuwa ke ɗiba. Ba ita kaɗai ba, rabin matan unguwar nan daga can suke ɗiba.

Ya miƙe ya fita ƙofar gida, ya kama hannun Labbo, ya ɗaga ƙarfunan biyu sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ba Tamba ba ce. Ba kowa ba ne. Abin ga da nike sha ne, ni na yar da shi cikin ɓuntu ban sani ba. Labbo, ka yi haƙuri. Kuma duk wadda ta ɗebi ɓuntu wurina, don Allah kada ta hura wuta sai an duba."

Inno ta ji daga ciki. Ta yafa mayafinta ta nufi gidan Tamba da ƙafarta. Ba wanda ya ji abin da suka faɗa wa juna, amma sun fito tare, idon Tamba a kumbure, tana jan buhun ɓuntun da ta yi niyyar ƙonawa da la'asar. Aka zazzage shi a ƙofar gida. Guda biyu suka faɗo, ɗaya ja ɗaya kore. Tamba ta dafe ƙirji ta zauna a kan dakali, Labbo kuwa ya rasa abin faɗa sai Alhamdu lillahi, yana maimaitawa.

Yinin ranar a bayan inji aka ƙarasa shi. Maza da shebur da manjagara, mata da rariya da kwando, aka bi tsibin nan aka baje shi. Gida-gida aka fito da buhuna. Kafin rana ta yi sanyi an tara abin da ya kusa cika roba, launi-launi kamar kayan wasa. Munzali ya tsaya yana kallon su, ƙaiƙayin ɓuntu na cin wuyansa, yana tuna yawan murhun da ke unguwar.

Okwudili ya zo ya tsaya kusa da shi, shi ma ya yi fari fat da ƙura.

"Laifina na ciki," ya ce. "Ina sayarwa, ban taɓa ce ma kowa ga yadda za a yar ba."

Ya koma mota ya dawo da baƙin nan na safe. Ya zare kansa ya nuna masa: ɗan kwanso ne na roba, an cika shi da ruwan tun daga kamfani an like. In ya ƙare, shi kaɗai ake cirewa a sa wani, kuma babu batir a cikinsa. Batirin na jikin wanda ke zama a aljihu, ana yi masa caji da cajar waya.

"Ba na ce maka magani ne ba," in ji Okwudili. "Wanda bai sha komai ba ya hi ka lahiya. Kuma shi ma ran da ya lalace, kada ka yar, ka kawo min."

Munzali ya so ya ce ya bari gaba ɗaya daga yau. Maganar har ta zo masa baki. Amma ya san kansa. Ya taɓa yin irin wannan rantsuwa cikin zafin rai, mako bai zagayo ba aka gan shi wurin mai tireda yana sayen karan taba. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Tun dare bai yi ba Okwudili ya kama hanyar Birnin Kebbi, robar matattun sha-ka-yar ɗin a bayan mota an rufe su da yashi, ga ƙullin shinkafar gumi da Inno ta matsa sai ya kai wa matarsa.

Hannun Riskuwa ya warke, ya bar ɗan tabo. Girar ce ta ɗauki lokaci, ta riƙa zana ta da kwalli, Tamba na yi mata tsiya cewa ta dama ta fi ta hagu kyau. Munzali ya sami gwangwanin madara ya rataye a bakin tagar inji, nan yake jefa kwanson da ya ƙare. Cajin ma bai zama wahalar da ya zata ba, in an tada inji sai ya maƙala shi tare da waya. Da ya koma birni ya tarar Okwudili ya ajiye bokitin yashi a ƙofar shago, duk wanda ya zo sayen sabo sai ya ji dogon bayani kafin a miƙa masa.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, Munzali ya shafa aljihu ya ji wayam. Ya bar shi a inji, a jikin caja, tun jiya da yamma. Ya ɗauki mabuɗin babur, ya kai har zaure, ya tsaya. Rana ta take, kuma da ya saurari jikinsa sai ya ji abin bai dame shi kamar yadda ya zata ba.

Ya dawo ya rataye mabuɗin. Riskuwa na tsince shinkafa a faifai.

"Ka fasa fitar?"

"Na fasa. Gobe ma rana ce."

Ta matsa masa a kan tabarma, ta tura masa faifai ɗaya. Ya zauna yana tsinta, tana bin bayansa tana cire tsakuwar da ya tsallake.