Kwanon Baba

Dakta ya durƙusa a tsakiyar falo yana fama da wayarsa. So yake ya jingina ta a jikin filas ɗin shayi, ita kuma sai zamewa take yi.

"Ɗan ja min labulen nan, haske bai isa ba," ya ce wa matarsa.

Ta ja, ta koma ta riƙe ƙugu tana kallonsa. Rabon da ta gan shi a gida da rana tsaka har ta manta. Da ya shigo ɗazu sai da ta tambaye shi ko korarsa aka yi daga aiki.

Ba korarsa aka yi ba. Dakta masani ne kan tarbiyyar ƙananan yara, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Gari-gari yake bi yana koya wa malamai da iyaye yadda ake wasa da yaro, a manyan otal-otal masu sanyi, har da hutun shan shayi. Gobe yana da babban taro, zai yi jawabi kan matsayin uba a wasan girke-girken yara. Masu shirya taron suka ce suna so su gani a bidiyo, shi da 'yarsa ta cikinsa. Ya ce su ɗauka an gama. Me ake nema? Yarinya ta ce, "Baba, ga abinci," shi kuma ya faɗaɗa mata wasan da tambayoyin hikima. Shi ke nan.

'Yar Baba, kamar yadda yake kiranta, shekararta huɗu. Kicin ɗinta na bayan kujera: kwalin takalmi ne murhu, gwangwanayen madara tukwane, murafan kwalba kuma nama. Sabon murhun roba mai fitila da ya shigo mata da shi yau ta juya shi, ta duba, ta kifa shi, ta zaunar da 'yar tsanarta a kai.

Wayar ta tsaya da ƙyar. Ya danna, ya gyara wuyan riga, ya sauya murya zuwa ta taro.

"Iyaye, ku lura. Matakin farko, uba ya nemi gurbi a cikin wasan." Ya juya. "'Yar Baba, ni wa zan zama?"

Ta dube shi sama da ƙasa, tana juya tukunya da tsinken ashana.

"Kai baƙo ne."

"A'a, ni zan zama Baba."

"Ai akwai Baba."

"Ina yake?"

"Wurin aiki."

Ya miƙa hannu ya tsayar da bidiyon. "Ki yi mata magana mana," ya ce wa matar.

"Ni? Haba Dakta. Ba a yi wa yaro gardama a cikin wasansa, shi ne jagora. Kai ka faɗa. A rediyo na ji."

Ya haɗiye maganar, don tasa ce. Ya sake dannawa, ya naɗe ƙafa a kan kafet, ya zama baƙo, da niyyar in wasa ya yi nisa a ƙara masa girma.

Gaskiya an karrama shi. An ba shi ruwa a murfin jarka, an tambaye shi mutanen gida, an ce ya yi haƙuri gidan a hargitse yake. Ya jefa tambayarsa ta hikima, irin wadda yake cewa tana buɗe ƙwaƙwalwar yaro: "Me kike gani zai faru in muka ƙara gishiri?"

"Zai yi yawa," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Ta zuba wa 'yar tsana, ta zuba wa baƙo, ta zuba wa kanta. Sannan ta ɗauko wani ƙaramin kwano, ta tsinto murafan kwalba mafi kyau ta jera a ciki, ta rufe, ta lulluɓe da hankici, ta kai can gefen kujera ta ajiye.

"Wancan fa na wane ne?"

"Na Baba."

"To kawo mana, ga ni." Ya kai hannu.

Ta buge hannun. "Baƙo ba ya taɓa na Baba."

Daga nan ta ɗauki silifas ɗinta ta kara a kunne, ta matse shi da kafaɗa, hannuwanta na goge gwangwani. "Kana hanya? To. To, Allah ya kawo ka lafiya." Ta ajiye, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce wa 'yar tsana, "Ci abincinki. Kullum yana hanya."

Matar, wadda tun ɗazu take toshe baki don dariya, ta sauke hannunta. Muryarta ce sak yarinyar ta kwaikwaya, har da ajiyar zuciyar. Ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Dakta ya ji kunya, amma masani ba ya rasa dabara. Ya fuskanci wayar. "Iyaye, a nan sai a yi abin da muke kira sauya matsayi. Baƙo zai tafi, uba zai dawo."

Ya yi wa masu gida ban kwana, aka ce ya gaida gida. Ya ɗauki jakarsa ta aiki ya fita, ya ja ƙofa. Ya ɗan tsaya a waje, yana jin daɗin basirarsa. Sannan ya murɗa hannun ƙofar, ya shigo da fara'a, hannu a buɗe.

"Ga Baba ya dawo!"

'Yar Baba ta yi wuf ta janyo 'yar tsanarta, ta kwanta a kan kafet, ta rufe ido gam.

"Tashi mana. Baba ne fa."

Ta ƙara runtse ido. Har da ɗan minshari.

Ya tsuguna ya taɓa kafaɗarta. Ta buɗe ido ɗaya, ta yi masa raɗa irin ta wanda ake ɓata wa wasa. "In Baba ya dawo barci muke yi. Abincinka na can. Kar ka yi ƙara."

Ta mayar da idon ta rufe.

Ya daɗe a tsugune, jakar na rataye a kafaɗarsa. Ba fushi yarinyar take yi ba, ba kuma ramuwa ba ce. Wasanta take yi daidai yadda ta san gidan, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Ya rarrafa zuwa gefen kujera, ya zauna a ƙasa, ya yaye hankicin, ya buɗe kwanon. Wayar na can jikin filas tana ta ɗauka.

"In ɗumama maka?" matar ta tambaya daga bakin taga, murya ƙasa-ƙasa.

Ya girgiza kai. Ya ɗauki ɗan cokalin roba, ya fara ci a hankali, don kada ya tashe ta.