Waƙa Mai Ɗingishi

Kunne ake ce masa, kuma sunan ya dace da shi. Shekara goma sha ɗaya yana haɗa sauti a wani ɗan situdiyo da ke saman shagon masu gyaran firji, ɗakin da aka manne bangonsa da soso, ko fanka ba a kunnawa in ana ɗaukar murya. Mutumin nan in sauro ya gifta gaban makirufo sai ya ji, ya ce a sake. Mawaƙa su zage shi a bayan ido, gobe kuma su dawo, don waƙar da ta fito daga hannunsa ba ka jin ko tari a cikinta.

Abu ɗaya ne ya gagari kunnen nasa, gidansu. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Babansu na hagu ya shanye. Dogon mutum, tsohon direban motar haya, wanda in ya yi dariya sai an ji a ƙarshen layi, ga shi yanzu a kujera, sai an ɗaga, sai an kwantar. Likita ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: in bai taka ƙafar nan a 'yan watannin nan ba, to shi da kujera har abada. Kunne kan zo ya gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ajiye ledar magani, ya ce aiki ya sha masa kai. Ƙarya yake yi. Tsoro ne kawai, ba ya iya kallon tsohon a haka.

Ƙanwarsa Auta ce ke ta fama. 'Yar amshi ce, irin waɗanda ake jin muryarsu a waƙoƙin mutane ba a san fuskarsu ba. Wata safiya ta hau situdiyon, murya a dishe.

"Yaya, taimako za ka yi mini. Akwai wata 'yar waƙa da nake yi wa Baba, in ba ita ba ba ya yarda ya miƙe. Maƙogwarona ya gaji, ga shi zan koma aiki. Ka ɗaukar mini ita in bar masa a waya."

Ya sa ta gaban makirufo yana hamma. Tana buɗe baki hammar ta tsaya.

"Ɗaga, ajiye, na riƙe ka.
Ƙofar ba nisa, jiya ma ka kusa."

Kai! Waƙa ce mai sauƙi, yaron goye ma zai iya kama ta, amma tana shiga mutum har ƙashi. Sai dai akwai matsala. Duk bayan bugu uku sai Auta ta yi wani ɗan jinkiri, ta bar shiru, sannan ta ci gaba. Sau shida yana sa ta sake, sau shida tana yin haka.

"Ke wai shekara nawa kina amshi, har yau ba ki iya bin kiɗa ba?"

"Haka take, Yaya."

"Je ki kawai, na san abin yi."

Ya zauna gaban kwamfuta ya bi shirun nan ɗaya bayan ɗaya ya datse, ya jera muryar a kan kiɗa cas, ya sa ganga da jita. Manajan kamfanin da yake yi wa aiki ya shigo ya ji, ya cire tabarau ya ce wannan ba waƙar cikin gida ba ce, kasuwa za ta, nan da mako biyu.

Kwana biyu da tura mata waƙar, sai ga Auta ta banko ƙofa ko sallama babu.

"Me ka yi wa waƙata?"

"Gyara ta na yi. Ai godiya ya kamata ki yi."

"Baba ya faɗi jiya. Da ban tare shi ba da kansa ya bugi bango. Yau ya ce ba zai sake tashi ba." Idonta ya yi ja. "Tashi mu je ka gani da idonka, tunda kunnen bai yi maka amfani ba."

Ba yadda ya iya, ya bi ta. A karon farko ya wuce bakin ƙofa ya shiga har tsakar ɗakin. Daga kujerar Baba zuwa ƙofar waje taku goma sha biyu ne, Auta ta manna jan salatif a ƙasa a wurin kowane taku. Ta durƙusa ta lallashi tsohon har ya kama sandarsa mai ƙafa huɗu, ta shiga ƙarƙashin hammatarsa, ta fara waƙar da bakinta.

Ɗaga: sanda ta yi gaba. Ajiye: ƙafar dama ta bi. Na riƙe ka: ya jingina a kafaɗarta. Sai shirun nan. A cikin shirun Kunne ya ji wani sauti, shuuu, ƙafar hagu ce ake janta a kan siminti, da ƙyar, gumi na tsattsafo wa tsohon a goshi. Sai da ƙafar ta iso sannan Auta ta ɗora baiti na gaba.

Ashe yarinyar ba kuskure take yi ba. Jiran ƙafar take yi. Wata huɗu tana jiranta, taku bayan taku, har jiran ya shiga cikin waƙar ya zauna. Shi kuwa gwanin gwanaye ya zo da almakashinsa ya yanke. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baba ya koma kujera yana haki, ya dube shi da gefen bakin da ke motsi.

"Kai ne mai gaggawar? Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa jan mota fasinja na da ƙafa ɗaya a ƙasa ba. Kai ka ja ka bar mini tawa."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. Kunne ya so ya yi, sai hawaye suka riga ta fitowa.

Washegari ya kwaso kayan aikinsa ya kawo gida, ya ajiye makirufo a ƙasa kusa da salatif ɗin, ya ɗauki tafiyar Baba tun daga kujera har inda ƙarfinsa ya ƙare. A kan wannan ya gina kiɗan. Mai ganga ya sha wahala, hannunsa ya saba faɗawa inda babu shiru, sai da Kunne ya zaunar da shi ya kalli tsohon yana tafiya sannan ya kama. Manaja kuwa da ya ji sabuwar sai ya dafe kai.

"Haba Kunne! Wa zai yi rawa da waƙa mai ɗingishi? Gidajen rediyo za su ce faifan ne ya lalace."

"Ranka ya daɗe, ko ta fita da ɗingishinta, ko ta zauna a wayar Babana. Ta farkon kam na goge ta."

Ya goge ɗin kuwa, don ya san halin mutuminsa. Manaja ya yi ta faɗa, amma ya riga ya yi wa mutane alkawarin sabuwar waƙa, dole ya fitar da ita kasuwa.

Makon farko shiru kake ji. A na biyu wata ma'aikaciyar asibiti ta sa wa marasa lafiyarta masu koyon tafiya, wani ya ɗauka a waya ya watsa. Shi ke nan, kamar an buɗe famfo. Masu ɗinki suka kama, direbobi suka kama, ɗalibai masu jarrabawa suka kama. Matasa suka ƙirƙiro rawarta, in an zo wurin shirun sai kowa ya ja ƙafar hagu a hankali, filin rawa ya yi tsit, sannan a ɓarke da ihu. Mako tara tana kan gaba a rediyo. Kamfanin waya ya saye ta, ka kira mutum goma, shida ita za ka ji kafin su ɗauka. Auta da ba a san fuskarta ba, sai ga ta a allon talla a bakin babbar hanya. Manaja kuwa har hira ya yi, wai shi ya ba da shawarar a bar shirun. Allah ya shirya.

Kunne bai kula ba. Kullum da safe kafin ya wuce aiki sai ya biya gida, shi ke kunna waƙar, shi ke shiga ƙarƙashin hammatar Baba in Auta tana wurin wasa a wani gari.

Wata safiya, wajen wata biyar bayan haka, ya kunna kamar kullum, yana tafe a gefen tsohon, hankalinsa na kan wani aiki da ya baro. Sai kunnensa ya ji wani abu ba daidai ba. Wani yana shiga gaban kiɗa. Ya yamutsa fuska irin yadda yake yi wa mawaƙa, har ya buɗe baki zai ce a sake, sannan ya dubi ƙasa. Ƙafar hagun ce. Ta sauka tun shirun bai ƙare ba, ta dama har ta ɗaga. Waƙar ba ta kai rabi ba, ga su a bakin ƙofa.

"Baba," in ji Kunne, "ka riga kiɗan."

Tsohon ya zare hannunsa daga kafaɗar ɗan, ya dafa ƙyauren da kansa.

"Waƙar nan taku ta cika nawa, ni ina da wurin zuwa. Kashe ta, ka miƙo mini takalmina."