Ƙafar Baba Mai Faci

Asibitin unguwar ɗaki biyu ne da baranda, sai malamar jinya guda ɗaya da kowa ke kira Anti Nas. Da wata ƙungiya ta ba asibitin tallafi, aka kafa sola a rufi, aka kawo kwamfuta mai kyamara. Aka ce daga yanzu malamar za ta riƙa magana da likitar birni ta allo, ta kuma riƙa ɗaukar darasi duk mako. Anti Nas ta yi dariya ta ce, "Da furfurata za a mayar da ni aji?" Amma ba ta taɓa fashi ba.

Wata safiya Baba mai faci ya shigo yana ɗingishi, matarsa Iya na biye da shi riƙe da gefen rigarsa, don ta daɗe da rasa ganinta. Ya ce ƙusa ya taka a rumfarsa, gyambon ya ƙi warkewa. Da can wanki da bandeji kawai Anti Nas za ta yi ta sallame shi. Yanzu kuwa an koya mata a darasin yadda ciwon suga ke kashe jin ƙafa. Ta tsikari tafin ƙafarsa, ko gezau bai yi ba. Ta auna jininsa, ta ga suga ya hau sosai.

"Baba, wannan sai babban asibiti."

"'Yar nan, in na tafi wa zan bar wa wannan? Ko ruwa ba ta karɓa a hannun kowa."

Iya ta ce, "Kada ki biye masa. Shi ne ba ya iya cin abinci in ba na kusa ina yi masa faɗa."

Anti Nas ta kunna kwamfutar ta kira birni. Da fuskar likitar ta bayyana, Baba ya gyara hularsa ya yi sallama har da russunawa. Likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta sa aka matso da kyamarar, ta daɗe tana kallo. Ta ce ciwon bai kai ƙashi ba, za a iya jinyarsa a nan in zai sha magani ya daina taka ƙafar, in kuma ya ƙi sauƙi dole ya zo. Sannan ta riƙa nuna wa Anti Nas inda za ta yanke mataccen nama. Anti Nas ta fara yankewa, likitar na kallo.

"A hankali, Anti. Yauwa, haka. Hannunki na da kyau."

Da aka gama naɗe ƙafar, Iya ta ce, "Wai ina yarinyar take? Ina jin muryarta, ban ji motsinta ba." Anti Nas ta kama hannunta ta ɗora a kan allon. Iya ta shafa shi a hankali.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin karya kuwa?"

Likitar ta yi murmushi. "Ban samu zama ba tukuna, Iya."

"To tashi ki je ki ci. Marasa lafiya ba sa ƙarewa."

Jinyar ta ja lokaci, akwai ma makon da gyambon ya so ya dawo baya don Baba ya saci jiki ya je rumfa. Iya ce ta tona masa asiri. A ƙarshe fata ta rufe, ya koma facinsa a zaune, ƙafar a miƙe bisa tsohuwar taya, sanye da takalmi mai taushi.